Murfin Keken Cefane

Shekara talatin muna ƙera keken cefane a Porto,
jaka bisa taya biyu, da mariƙin ja,
tun yana hannun mahaifina har ya faɗo nawa.
Sai ciniki ya soma ramewa.
Na rage kuɗi, na sauya launi,
akanta ya zana mini layi mai gangara
kamar ruwan sama a lungunan Vitória.
Kowane taro maganar ɗaya ce: na waje ya fi araha.

Iolanda, da muka ɗauka don zanen kwali,
ta ce, "Senhor Abílio, yaushe rabonka da jan keken nan?"
Na yi dariya. Wa ke tambayar maƙeri ko yana noma?
Ita ba ta yi dariya ba.

Ran Laraba muka bi Dona Graciete daga kasuwar Bolhão,
da izininta, da alkawarin ba za mu kama mata ba.
Kabeji, kifi mai gishiri, dankali kilo uku.
Tudu ya miƙe tsaye.
Sau huɗu ta tsaya, ina ƙirgawa.
Na farko ta leƙa tagar shagon takalma,
ita da ba saye za ta yi ba.
Na biyu ta gaida wata kyanwa.
Na uku ta juya tana kallon kogin Douro
kamar jiya aka haƙa shi.
Na huɗu babu abin kallo,
sai ta buɗe jaka ta ƙirga lemo.

Na raɗa wa Iolanda, "Tayoyin ne, mu ƙara musu girma."
Ta ce, "Bar taya, dubi gwiwa."

A ƙofar gida tsohuwa ta ce keke ba shi da laifi,
har ta yaba launinsa.
Da takardar tambaya muka aika mata
da amsar ke nan,
da na koma ofis kai a kumbure.
Ashe gajiya ce ba ta so unguwa ta gani.
Wurin zama take so,
wanda ba zai tona cewa ta nema ba.
Mai ɗaki ya san inda ke yoyo,
amma ba kullum yake nuna wa baƙo ba.

A daren muka haɗa na kwali da salatif.
Custódio mai walda ya ce kada a sa sunansa.
Na zauna a kai, ya baje da ni,
ma'aikata suka yi dariya har da riƙe ciki,
kuma rabon da a yi dariya a wurin nan, na manta.
Na biyu na katako ne, nauyi kamar alhaki.
Na uku ta zauna minti guda, ta miƙe:
"Wannan kujerar asibiti ce, ku kai wa majinyaci."
Muka cire madafar hannu,
muka ɓoye ƙafa a ƙarƙashin jaka,
muka koma, ta kushe, muka sake komawa.
Na bakwai murfi ne kawai,
murfi mai riƙe sirri.

Na daina tseren araha da wanda ya fi ni numfashi.
Launi tara muka mayar uku,
muka kwashe kaya daga manyan kantuna
muka jera a bakin kasuwa, gindin tudu,
ba allo, ba talla, mai so ya zauna.
Bashin banki na nan bai gama tafiya ba,
akanta har yau yana tsaki a kan kuɗin ƙarfe.

Yanzu duk Laraba ni ke yi wa gidana cefane,
ina jan abin da na ƙera, ina jin sa a kafaɗa.
Makon jiya, a tsakiyar hawa,
na hango Dona Graciete zaune bisa murfi
tana ɓare lemo a natse,
ta ba kogin baya.